Sifana Mai Lamba Sha Bakwai

Tun ladanin Abuwabu bai gyara murya ba
gwiwa ta riga ta tashe ni.
Ita ce agogona yanzu, ba ta latti.

A turoturon Suwame yaron mota ya ce,
"Baba, dawo gaba."
Jiya-jiya ni ke tashi in ba tsofaffi wuri.

Mu huɗu muka rage a rumfa.
Haɗa shekarunmu, sun haura ɗari biyu da sittin,
haɗa haƙoranmu, ba su cika baki biyu ba.
Kwaku mai walda yana ganin wuta biyu inda ɗaya take,
Mumuni mai fenti da tarinsa,
Ata mai birki, sai ni, Masta Bawa.

Yara goma sha tara na koya wa aiki.
Ɗaya na Tarabulus, biyu teku ta riƙe,
wasu na tonon zinariya a dajin Obuwasi,
sauran in sun wuce a babur sai su ɗaga mini hannu.
To wa zai shiga ƙarƙashin tifa?
Ni dai, da kwali a ƙasa da addu'a a baki.

Wani saurayi ya zo da ɗan akwati mai ƙyalli,
ya soka wa mota waya, ya ce inji lafiya lau.
Na kafa sukudireba a kunne, na saurara.
Na ce, fistin na uku yana kuka.
Ya yi dariya. Da la'asar ya dawo,
ya gaishe ni har ƙasa.

Ladidi ta kira daga Nima:
"Baba, ka huta haka nan."
Na ce, wanene zai biya wa Sani kuɗin jarrabawa?
Bakanike ba ya da fansho, 'yar nan.
Yayana Isifu ya bar reluwe yana da sittin cif,
ya samu kujera a gindin mangwaro,
damina biyu, kujerar ta cinye shi.

Ba jarumta ba ce.
Likitan asibitin Tafo ya ce jini ya hau,
kuma magani ba ya sanin furfura, sidi ya sani.

Da magariba na wanke hannu sau uku,
baƙin mai ya ƙi fita daga zanen tafi.
Na ɗaga su haka nan, na roƙi Allah,
yatsun a lanƙwashe,
daidai faɗin sifana mai lamba sha bakwai.