Cinikin Biri a Sama

Ruwan Glasgow ba ya sallama,
tun asuba yake ƙwanƙwasa gilashin shagonmu.
Ni ce mai jera littattafan zane
da suka ƙetaro teku daga Japan.
Ta dama ake buɗe su, a gangara hagu,
kamar ajamin kakana,
shi ya sa hannuna bai taɓa ɓata a cikinsu ba.

Ranar Talata wata dattijuwa ta shigo,
lema na ɗiga, leda a hammata,
ta dire littafin a gabana
kamar mai sauke garwashi.
"Jikana shekararsa sha ɗaya," in ji ta.
"Na ga dodo mai fiffike a bango,
na ga takobi, na ga farin wata,
na ce ai tatsuniya ce.
Allah ya sa ni na fara buɗewa a cikin bas."

Na ƙirga mata fam tara da 'yan canji.
Laifin ba nata ba ne.
Lambar sha takwas tana can a baya,
ƙanƙanuwa kamar ƙwayar gero,
takardar farashi ta hau kanta ta zauna.
Wa ya liƙa? Ni ce.

Moira mai shago ta miƙo kati da biro:
"Barira, rubuta abin da ke ciki."
Na shiga ɗakin kwalaye da kofin shayi,
na karanta har shayin ya huce,
wani shafin na wuce da sauri,
wani kuma, tsakani da Allah, ya sa ni ƙwalla.

Na rubuta: Labarin jarumtaka.
Na soke. Rabin gaskiya ƙanwar ƙarya ce.
Na rubuta: Hattara!
Na soke. Wannan na jikin turken lantarki ne,
masu saye kuwa ba ɓarayi ba ne.

Sai na tuna mai tsiren bakin layinmu a Tudun Wada,
wanda ba ya naɗe takarda sai ya tambaya:
a sa yaji, ko a bari?

Na rubuta:
Na manya ne, sha takwas zuwa sama.
Soyayya ce tsakanin maza biyu,
mai gadin ƙofar aljannu
da yariman da aka kora daga garinsu.
Akwai jini. Akwai dare
wanda mai zane bai saki labule ba.
Dodon bango sau uku kacal ya leƙo.
Ɗayansu ba zai ga ƙarshen labarin ba.

Ban ce a saya ba, ban ce a bari ba.
Abincin wani gubar wani,
nawa dai in buɗe murfin tukunya.
Na ɗora shi a kanta ta sama,
inda ni ma sai na yi ɗage.

Asabar wani mai gemu ya karanta katin,
ya mayar da littafin a hankali, ya ce na gode.
Wata nas da ta taso daga aikin dare
ta karanta, ta dafe ƙirji:
"Haba! Kin kashe min shi tun ban san sunansa ba!"
Duk da haka ta biya.
Da ta fita na ɗauko biro
na shafe layin ƙarshe, na sa:
Ki tanadi hankici.
Ashe gargaɗi ma yana da iyaka,
akwai nuna rami, akwai cinye wa mutum tafiyarsa.

Da yamma Inna ta kira daga gida:
"Har yanzu littattafan kike sayarwa?"
Na ce e, Inna. Ban ƙara ba.
Wannan katin kam ban rubuta shi ba tukuna.

Dattijuwar ta dawo ran Litinin.
Na ba ta labarin wata mage mai toya waina a cikin gajimare.
Ta juya shi gaba da baya,
ta sa farce ta ɗaga takardar farashi,
ta leƙa ƙarƙashinta,
sannan ta buɗe jaka.