Littafin Awon Baffa

Ran Laraba Nafi'u ya aiko da kwalba daga Fatakwal,
fara sol, murfinta a liƙe,
a jikinta hoton wasu 'ya'yan itace shuɗaye
da ba su taɓa tsirowa a ƙasar Ringim ba.
Ya ce a waya, ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da dare,
jini zai sauka, kitsen jijiya zai narke.
Baffa Jibo ya jujjuya ta a tafin hannu,
ya ce, wannan ai ɗinya ce da ba ta ƙoshi ba.

Ni aka ba biro da littafi.
Ni ke goya shi a babur duk ranar kasuwa
zuwa ɗakin shan magani na bayan makaranta,
inda Malama Hansatu ke ɗaure masa dantse,
ta matsa 'yar roba, ta kasa kunne
kamar mai sauraron ɓera a rumbu.
Ɗari da saba'in bisa ɗari.
Na rubuta, hannuna bai so ba.

Ta karanta jikin kwalbar har ƙasa,
har ƙananan rubutun da ke sa ido ruwa.
Ta ce, sha in kana so,
amma ƙwayar asibiti ba ta tafi hutu ba.
Ta dubi Inna: gishirin nan da dunƙule, a rage.
Inna ta ce miyar kuka ba gishiri
ai zaman makoki ce.
Ta rage dai, tana mita.

Mako uku, lamba ta ƙi motsi.
Na biyar ta sauko kaɗan,
na shida ta koma sama,
ranar da shanu suka shiga gonar wake.

Da kaka ta yi muka je babban asibiti,
aka ɗebi jini a 'yar kwalba mai jan murfi.
Takarda ta fito, kitsen ya ragu,
ba da yawa ba, kamar ruwan randa bayan alwala.
Ɗari da arba'in da takwas bisa casa'in.
Na ce, Malama, kwalbar Nafi'u ce?
Ta yi dariya har ta dafa tebur.
Ta ce, mutum huɗu sun ɗaga jinka,
kana tambayata kafaɗar wa?
Ga ƙwaya, ga miyar Inna,
ga tafiyar fadama da ya koma yi da ƙafa.
Ta huɗun, ban sani ba. Ba zan yi maka ƙarya ba.

Kuɗinta ya kai rabin buhun gero.
Na faɗa wa Baffa a gindin kanya,
inda awaki ke rige mu tsintar ta faɗo.
Na ce a ce wa Nafi'u ya bari.
Ya daɗe yana tsotson ƙwallo ɗaya,
ya tofar, ya ce, kafin kwalbar nan
sai Sallah nake jin muryarsa.
Yanzu kullum bayan isha'i, Baffa ka sha?

Na buɗe littafi, na duba layukan da na ja,
ban ga gurbin rubuta wannan ba.

Tsohuwar kwalbar tana kan taga.
Inna ta zuba irin yakuwa a ciki.