Minti Goma Sha Ɗaya

Ƙaba ce kawai, in ji su,
aikin da bai kai dahuwar wake ba.
Sallau ya cire agogo ya miƙa mini,
ya ce, "Lantana, kar yaran nan su ba da tumatir bashi."
Maganarsa ta ƙarshe ke nan mai kan gado.

Suka kifa masa roba a hanci,
suka ce ya ƙirga zuwa goma.
Mutumin da ke lissafin kwando ɗari uku
a Farin Gada, ba biro ba takarda,
an ce a huɗu ya tsaya.
Har yau yana nan a huɗu.

Ya farka, kar a ce bai farka ba.
Yana shan kunu in na kai cokali,
yana dubana kamar mai tunanin
inda ya taɓa ganin wannan mata.
Shekara ashirin da biyu muna ɗaki ɗaya.

Lauya Kangyang, siririya, ga saurin tafiya,
ita ta buɗe fayil ta nuna mini da farce:
nan an rubuta bugun zuciya, goma da kwata,
nan kuma goma da ashirin da shida.
Tsakani fari fat.
Ta ce, "Mama, bututun iska ya bi hanyar abinci,
tumbi aka yi ta hura wa,
ƙwaƙwalwa na kira, ba mai amsawa."
Na'urar da ya kamata ta yi ihu
batirinta ya mutu tun Laraba.
Mai allurar barcin kuwa
ɗaki biyu yake gadi shi kaɗai.

Yayansa Barau ya zo da goro da nasiha:
"Ƙaddara ce, ki bar wa Allah,
mu ba mu gaji kotu ba."
Na ce, Yaya, na yi imani da ita
tun kafin in san dawan garin,
amma kai ma da dare kana kulle shagonka.
Ƙaddara ba ta sa hannu a takarda.
Wannan kuwa akwai sa hannu, da shuɗin biro.

Sau bakwai ina hawa keke daga Gangare,
sanyin safe na cizon yatsu,
sau bakwai ana ɗagewa.
Yau alƙali ya tafi taro,
gobe lauyan asibiti na mura,
jibi fayil ya ɓata,
gata ya dawo da sabon shafi
wanda ya fi 'yan'uwansa haske.
Suka ɗaga takardar da na dangwala wa yatsa.
I, nawa ne.
Na dangwala a yi masa aiki,
ban dangwala a manta da shi a kan tebur ba.

Na ga mai allurar a barandar kotu.
Na zo da tsana cike da zani,
sai na tarar da yaro, sa'an ƙanena,
wuyan rigarsa ya ƙoƙe,
ya ce "Sannu, Mama," yana kallon siminti.
Mai asibitin bai taɓa zuwa ba.
Motarsa kawai nake gani a hanyar Zariya.

Lauya ta ce in faɗi diyya.
Nawa ne kuɗin mutum ya san sunan 'yarsa?
Nawa ne tarin da yake yi a ƙofa
don in san ya dawo?
Na ce ta rubuta kuɗin magani da na makaranta,
sauran ba shi da sifili.

Da dare, in ruwa na dukan kwano,
nakan kama hannunsa mu fara:
ɗaya, biyu, uku, huɗu.
Sai in yi shiru in ba shi hanya.
Jiya leɓensa ya motsa.
Wataƙila biyar ce,
wataƙila ƙishi ne.
Na ba shi ruwa.

Agogon na wurina, yana tafiya daidai.
An sa mana sha tara ga wata.