Jan Fenti a Aboabo

Ranar Talata suka zo, su biyu,
ɗaya riƙe da gwangwani, ɗaya da takarda.
Suka ja layi biyu a jikin rumfata,
ja wur, wannan ya hau kan wancan,
suka rubuta sha huɗu a ƙasa.
Turancina bai taka kara ya karya ba,
amma lamba ba ta buƙatar tafinta.

Shekara sha ɗaya ina nan bakin titi,
wake da shinkafa, gari, taliya, yaji baƙi.
Direbobin torotoro sun san murfin tukunyata
kafin su san sunana.

Tsoro ba ya sallama.
Ƙarfe uku na dare yake shigowa,
ya zauna a bakin tabarma,
ya lashi yatsa, ya buɗe littafin bashi:
kuɗin ɗaki, mai gida na son na shekara;
ƙafar Iliya da ta ƙi rufe baki tun Ista;
Damaris da aka ce ta zo da sidi ɗari huɗu
ko ta zauna a gida;
buhun shinkafa da ya yi fiffike.
Abin haushi, ba ƙarya yake yi ba.
Ko sisi bai ƙara ba.
Sai dai duk daren duniya
yana ƙidaya mu uku a ɗakin nan,
ni kuwa na san mu huɗu ne.

Ban iya addu'a irin ta fasto ba,
mai kai da ƙafa da amin a inda ya dace.
Na durƙusa kusa da bokitin ruwa,
na ce, Yesu, ka ga fentin.
Na yi shiru. Na sake cewa, ka gan shi.
Kai da ka iya barci a jirgi
ruwa na shiga, manya na ihu,
ka sam mini barcin nan, ko rabinsa.

Ba murya, ba haske.
Iliya ya yi tari, ya juya.
Yayyafi ya taɓa kwano ya wuce Asawase.
Can ladan ya ɗaga murya ta bayan gidan Hajiya Memuna,
na san lokacin hura gawayi ya yi.

A nan zaɓin yake, ba a coci ba,
ba ran Lahadi da farin kallabi ba.
A nan, tsakanin tabarma da murhu,
taku biyar ne, na sha ƙirga su.
Tsoro ya ce, kwanta, me za ki dafa wa gobe?
Na tashi.
Gwiwata na rawa, amma na tashi.
Ashe tun jiya na jiƙa wake,
kuma wadda ta jiƙa wake da dare
ta riga ta yarda da safiya.

Na jefa karan dafi a ruwan zafi,
ya saki jininsa a hankali
har tukunya ta yi kalar abin da ke jikin rumfa.
Na ɗora kaya a ka, na fita.

Da gari ya fara wayewa na tsaya na dube shi,
layin nan biyu.
Na karkata kai kaɗan.
Haka gicciye yake zama
idan yana kan kafaɗar mai ɗauke da shi.
Ban ce alama ce ba.
Ma'aikacin hukuma ne ya zana, yana sauri.
Na dai daina kauda ido.

Saura kwana tara.
Maame Akosua ta ce wataƙila akwai gefe
kusa da teburinta a Kejetia. Wataƙila.
Ban rataya zuciyata a kan wannan ƙusar ba.

Kwadwo mai gyaran taya ne ya fara zuwa,
hannu duk baƙin mai.
Ya dubi fentin, ya dube ni:
Rahila, ina za ki koma?
Na ce, ban sani ba,
amma Wanda nake bi ya san Kumasi.
Da ƙwai, ko ba ƙwai?