Bokitin Orrin

A Kane nake, ba Kano ba, wasali ɗaya ya raba mu,
can cikin dazukan Pensilbaniya, inda nake ɗaurin taya.
Duk Juma'a da la'asar tsoho Orrin zai tsaya da akori-kurarsa,
ya miƙo bokiti ta taga, ko motar ba ya kashewa:
"Jatau, me ƙafafun motoci suka bar mini a makon nan?"
Sai in kwaso masa guntayen dalma da muke ɓamɓarowa a bakin wili,
baƙi ƙirin, da laka, da gishirin hanya.

Asabar in same shi a bayan gareji,
tukunyar ƙarfe bisa murhun gas, ludayi a hannu,
yana yaye datti kamar mai yaye kumfar miya,
sai ga azurfar talaka ta buɗe ido tana kallon sama.
Ya tsiyaya a mazubi, ya ƙwanƙwasa,
harsashi ya faɗo kan tsumma, mulmulalle kamar gurjiya,
na bindigar toka, gadon kakansa,
wadda ake bin sawun barewa da ita bayan Kirsimeti.

Warin nan ya kai ni Tamburawa ban shirya ba,
ga kakana a maƙera, zugazugi yana nishi.
Ban gaya masa ba.
Na dai karɓi ludayin.

Ɗansa Wendell ba ya ƙaunar tukunyar nan.
"Baba, akwai kamfanin zubi a Erie,
ka tura kuɗi, su turo tubali mai tsabta,
aunanne, da hatimi, babu gaurayen tutiya.
Nawa ne ma? Ni zan biya."
Orrin ya ɗaga wani littafi da maiƙo ya cinye bangonsa,
shekara talatin da ɗaya na dalolin da bai kashe ba.
"Dala uku duk laba, a kan abin da titi ke ba ni kyauta?
Wanda ya sayi dalmarsa, rabin harbinsa na kamfani ne."
Na so in ce tsintacciyar mage ba ta mage,
sai na tuna ni ne mai tsinto ta, na ja bakina.

Zamani ma ya fara yi mana ha'inci:
rabin bokiti yanzu ƙarfe ne da tutiya.
Wata rana tukunya guda ta yi gudaji
kamar kunun da aka bar wa yaro ya dama.
Ya zubar, ya zagi masu ƙera motoci, ya sake hura wuta.

Sai ga Marnie, jikarsa, 'yar shekara huɗu,
mai jera masa harsasai a kan benci tana ce musu tumaki.
An tsaga mata ɗan yatsa a asibiti, gwajin da ake wa kowane yaro,
lamba ta fito sama da inda ake so.
Likita ta ce wataƙila tsohon fentin gida ne,
wataƙila ƙasar tsakar gida. Ba ta ce tukunya ba.
Wendell ma bai ce ba.
Orrin ya zauna da littafinsa har dare,
yana neman shafin da zai rubuta wannan lambar, bai samu ba.

Bayan mako biyu mai kai wasiƙa ta zo tana nishi
da ɗan akwatin da bai kai bulo ba.
Ya buɗe, ya juya tubalin a tafin hannu,
fari tas, da sunan kamfani a gadon bayansa.
"Kyakkyawa ce," in ji shi. "Sai dai ba ta taɓa zuwa ko'ina ba."
Ya kwashe kayan zubi zuwa rumfar daji, ya sa kwaɗo,
ya kankare bencin, daga baya ya ƙone shi.

Har yanzu yana zuwa ran Juma'a.
Bokitin na baya, cike da tuffa daga bishiyarsa.
Yanzu yana kashe motar,
ya sauko, ya zauna kan tsohuwar taya,
ya ce in ba shi labarin kakan nan nawa
da ya gani a hannuna tun ranar da na riƙe ludayi.