Ɗinkin Daren Sallah

Shekara shida ina rufe shago da wuri ran Litinin,
in lulluɓe keken ɗinki, in hau bene,
ruwan Bradford yana tsiyaya a taga, ba ya gajiya.
Doreen ta ƙasa ta hawo da biskit mai citta,
ni in dafa shayi,
mu zauna gaban talabijin
kamar masu jiran labarin ɗan'uwa da ya yi nisa.

Littattafan na fara sani.
Huɗu ne, kowanne ya yi nauyin bulo.
A bas na karance su, ƙamus a cinyata,
sau biyu ina wuce tashata.

Da farko, wallahi, sun yi aiki.
Maƙeriyar nan mai ido ɗaya,
in ta buɗe baki sai ka ajiye kofi,
magana ɗaya ta yi kwana uku tana bin ka.
Sarkin gishiri mugu ne, amma da dalilinsa,
har na taɓa kama kaina ina ba shi uzuri.
Daga tsibiri zuwa dutsen ƙanƙara wata uku ne:
mun ga takalma sun tsinke, doki ya rame,
mun binne mutum biyu a hanya.

Yanzu fa?
A karya kumallo a tsibiri, a yi hantsi a kan dutse,
ba wanda ya yi ko tuntuɓe.
Maƙeriya ta koma 'yar barkwanci,
an cika mata baki da maganar da ba tata ba.
Sarki ya kwanta da hankalinsa, ya tashi mahaukaci,
don kawai ana sauri a kashe shi.
Yaron da aka rataya wa mabuɗi a wuya,
aka ce mu sa ido, mu sa ido,
shekara uku muna sa ido,
ina yaron? Ina ƙofar?

Kuɗi kam an zuba.
Macijin sama mai aman wuta,
kowane ɓawo na jikinsa ya fi hayar shagona.
Amma ranar babban yaƙi duhu ya cinye allon,
abin da na gani kawai
fuskata da ta Doreen, baki buɗe.

Ni mai ɗinki ce, kada a yi mini wayo.
In an miƙo mini riga ba na kallon surfani,
juya ta nake yi, in duba ciki.
Wannan yadi ne mai tsada, ba musu,
amma ba a kalmashe bakinsa ba,
zare na lilo ta ko'ina,
hannun dama ya fi na hagu tsawo.
Na san aikin nan, na taɓa yin sa, Allah ya yafe mini:
ɗinkin daren sallah ne,
mai kaya na tsaye a ƙofa,
kana yanke zare da haƙori,
kana addu'a kada ya ɗaga hannu a idi.

Abin da ya fi ci mini rai
ba lalacewar ba ce.
Na ga lokacin da suka iya.

Litinin da ta wuce Doreen ta yi gyangyaɗi,
ita da ta taɓa jiƙa mini gyale da hawaye
ranar da doki ya faɗi.
Da ta farka ta ce, Lantana, wa ya mutu?
Na ce ban sani ba, ban kuma damu ba.
Muka yi shiru. Shayi ya huce.

Yau na sauko da littafi na biyu daga kan kabad,
na hure masa ƙura.
Idonta ya yi rauni, ni zan karanta,
ta riƙa gyara mini sunayen garuruwa.
Talabijin na kunne, na dai kashe masa murya.
Maƙeriya na motsa baki a allo,
ni ina mayar mata da maganarta.