Ni Na Tuƙa Sanata

Na san shi tun ba shi da takalmi,
Osvaldino, ɗan Zuleide mai tuyar garin rogo.
Mu biyu a bakin Tocantins, taɓo har gwiwa,
shi ya hau bishiyar asayi, ni in tare a ƙasa,
in nonon ya faɗo mu raba, ba ma ƙirgawa.

Karatu ya karɓe shi, ni ya ƙi ni.
Ya zama malamin makaranta a Cametá,
alli a aljihu, tabon tawada a riga.
Da kifi ya yi ƙaura, taru na dawowa wayam,
shi ya rubuta wa masunta takardar kuka,
ya hau kan akwati a kasuwa ya karanta ta,
takarda na rawa, murya na rawa.

Daga nan kansila. Daga nan majalisar jiha.
Inji a hannuna, lasifika a hannunsa,
ƙauye saba'in da ɗaya cikin damina guda.
Mun kwana a raga, sauro na yi mana guɗa,
ya ci kifin kowa, ya riƙe sunan jikan kowa.

Takarar sanata ta farko ƙasa ya sha.
Kwana uku bai ce mini uffan ba.
A na huɗu ya ce, "Jurandir, akwai mai a tanki?"
Muka ƙara shekara huɗu muna zagayawa.

Brasília ta haɗiye shi.
Sai a talabijin ɗin kantin Neném nake ganinsa,
cikin kwat, wuya a ɗaure kamar akuyar sayarwa.
Wata goma sha ɗaya yana bin magana guda:
jirgin ruwa mai likita, mai gado, mai fitila.
Suka yi masa dariya, suka gaji, suka sa hannu.
Jirgin ya zo fari fat ranar wata Talata,
a cikinsa 'yata ta sauka lafiya,
bayan kwana biyu tana naƙuda, muna jiran mutuwa.

Ba zan ɓoye sauran ba.
A zango na biyu aka kawo batun duwatsun kogi,
a fasa su, manyan jiragen waken suya su wuce.
Nan kifi ke zuba ƙwai, ya fi ni sani,
nan uwarsa ta wanke shi yana jariri.
Na tsaya a kantin Neném, kofi na hucewa a hannuna,
na ga sunansa ya haska a layin masu amincewa.

Da dare ya kira ni.
"Na ba su dutse, sun ba ni asibiti biyu."
Na ce, "Ɗaya na gani, ɗayan jemagu ke jinya."
Shiru ya yi tsawo, har na zaci layi ya yanke,
ashe numfashinsa ne ke kai da kawowa.

Shekara goma sha shida, sannan akwati ya juya masa baya.
Ya dawo da ciwon suga da kwalaye tara na takardu,
ba jiniya, ba mai riƙe masa lema.
Jiya da asuba ya buga mini ƙofa,
ya ce in kai shi inda duwatsun suke a da.
Na kashe inji. Ruwa shimfiɗe, ba ko kumfa,
wani jirgin wake ya wuce, igiyarsa ta jijjiga mu.

Ya ce, "Ka zaɓe ni kuwa?"
Na ce, "Sau uku. Na huɗun, tarar ƙin zuwa na biya."
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Kwalekwalen nan ya tsufa, yana yoyo ta gindi,
ya laluba ƙarƙashin benci ya ɗauko gwangwani,
ya naɗe hannun riga, ban ce masa komai ba,
ni ina ja da inji, Sanata na kwarfar ruwa.